Kawo-in-gani, Mai Shagon da Ya Ƙi Rufewa

Haihuwa da asali

An haifi marigayin da duk layin masu sayar da kayan aiki ya sani da laƙabin Kawo-in-gani a shekarar 1947, a wani matsakaicin gari da jirgin ƙasa ke ratsawa, cikin ɗakin da ke manne da bayan rumfar aikin mahaifinsa. Mahaifin nasa kafinta ne mai ƙera ƙofofi da tebura, mutum mai ƙarancin magana da yawan tsawa, mahaifiyarsa kuwa ungozoma ce wadda ake cewa rabin unguwar a hannunta suka faɗo duniya. Shi ne na uku cikin 'ya'ya biyar, kuma shi kaɗai ne namiji, saboda haka tun bai gama iya tafiya ba aka soma ɗora masa burin gadon rumfar.

Daga cikin abubuwan da ya buɗe ido ya tarar a rumfar akwai wani gwangwani da ake ajiyewa can saman kanta, inda hannun yaro ba ya kaiwa. A cikinsa akwai wata farar hoda mai kama da gishiri, wadda kafintoci ke wanke katako da ita. Idan ƙusa ta sha ruwa ta zubar da baƙin tabo a jikin katako, sai mahaifin ya jiƙa hodar da ruwan ɗumi, ya shafa da buroshi, ya ɗauraye, ya jingine katakon a rana, kafin la'asar tabon ya ɓace kamar ba a taɓa yin sa ba. Ƙa'idar aikin ba ta canzawa: a shafa, a ɗauraye, a bar wa rana sauran. Gargaɗin da ke tare da gwangwanin ma bai taɓa canzawa ba, domin duk lokacin da yaron ya ɗaga kai ya dube shi sai mahaifin ya ce, "Wannan guba ce. Ka taɓa ta, in taɓa ka."

Karatu da koyon sana'a

An sa shi makarantar firamare a shekarar 1954, ya kammala a 1961, daga nan ya wuce makarantar koyon sana'a, sashen aikin katako, bisa umarnin mahaifinsa. Gaskiyar da tarihi ba zai ɓoye ba ita ce, marigayin bai taɓa zama kafinta na kirki ba. Teburin da ya ƙera na jarrabawar fita ya zauna a gidansu shekara da shekaru, kuma duk tsawon zamansa sai da aka cusa masa takarda a ƙarƙashin ƙafa ɗaya kafin a ɗora masa kofin shayi.

Sai dai Allah Ya ba shi wata baiwa ta daban. Ya san ƙusoshi da notuna da sukurori kamar yadda makiyayi ya san dabbobinsa, har yakan sa hannu cikin akwatin tarkace ba tare da ya duba ba, ya zaro ainihin wadda ake nema. Da mahaifin ya gaji da asarar katako, sai wata rana ya ajiye zarto ya ce masa, "Kai dai ƙarfe ka sani, katako bai san ka ba. Je ka inda ake sayar da shi." A shekarar 1965 ya kama aiki a wurin wani dillalin kayan gini, ya yi shekara takwas yana aune-aune da ɗaure-ɗaure, ba a taɓa jin an kawo ƙararsa ba.

Buɗe shago

A shekarar 1973 ya buɗe nasa shagon a layin da ke bayan tashar mota, inda a lokacin akwai shaguna shida masu irin wannan sana'a, nasa ya zama na bakwai. Ɗaki ne mai tsawo ba faɗi, akwatunan katako sun rufe bangonsa tun daga ƙasa har rufi, da sikeli a kan kanta, da wani sito a baya wanda ƙofarsa ke kuka duk lokacin da aka tura ta.

A nan ne ya samo laƙabinsa. Ɗabi'arsa ce ba ya sayar wa mutum kaya sai ya ga abin da ya lalace. Mai neman sabon kwaɗo, ko sabon kan famfo, ko sabon almakashi, amsa ɗaya yake samu: "Kawo in gani." Idan an kawo, sau da yawa sai ya ɗiga wa abin mai, ko ya sauya masa noti ɗaya, ya sallami mutum da tsohon kayansa yana aiki. Maƙwabcinsa na dama, wanda ake kira Mai Kwaɗo saboda kwaɗuna da makullai ne ƙarfin shagonsa, ya shafe shekaru yana tsokanarsa da cewa bai taɓa ganin ɗan kasuwar da ke korar ciniki da hannu biyu ba sai shi. Shi kuma yakan rama da cewa kwaɗunan maƙwabcin nasa ko da cokali ana buɗe su. Ba a taɓa jin sun yabi juna a gaban mutane ba, kuma ba a taɓa ganin ɗayansu ya ci abincin rana ba tare da ɗayan ba.

Aure da iyali

Ya yi aure a shekarar 1975. Matarsa tela ce mai ɗinkin kayan mata a gida, mace mai kaifin ido da kaifin harshe, wadda ba ta ɗora tukunya da safe sai ta goge kekenta na ɗinki ta ɗiga masa mai a kowace gaɓa. Marigayin ya sha yin ƙorafin cewa a gidansa keken ɗinki ne ke fara karya kumallo, maigida ya biyo baya. Ita kuma takan ce ranar da ya soma ɗinka riga za ta sake tsari.

Allah Ya albarkace su da 'ya'ya biyar. Na farkon, wanda aka haifa a 1976, kowa Babba yake ce masa. Ta ƙarshen kuwa, wadda aka haifa a 1986, ta samu laƙabin Sikeli, domin tana jaririya uban ya ɗora ta a kan sikelin ƙusoshi don ya san nauyinta, lamarin da uwar ba ta yafe masa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A shekarar 1988 mahaifin marigayin ya rasu, ya bar masa wani zarto da ya yi aiki da shi tun yana saurayi, mai ɗigo uku da ya buga da ƙusa kusa da mariƙi don shaida. Da yake marigayin ba ya iya dubansa ba tare da idonsa ya kawo ruwa ba, sai ya naɗe shi a buhu ya kai sito.

Shekarun rufe shaguna

A shekarar 2001 aka buɗe wani katafaren kantin kayan gini a bakin babban titi, mai sanyi a ciki da filin ajiye motoci a waje. Adalci ya sa a faɗa cewa kayansa sun fi araha, kuma mutum yakan samu fenti da tayil da fitila a rufi ɗaya. Amma sukurori a can cikin leda suke a liƙe, wanda ke neman ɗaya sai ya ɗauki ledar gaba ɗaya, kuma babu wanda zai tambaye shi me ya lalace. Jama'a suka karkata can, layin bayan tasha ya soma yin shiru.

Daga 2002 zuwa 2006 shagunan suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, ana mayar da su wuraren sayar da waya da aski. Duk wanda zai rufe, mai sayen tsohon ƙarfe ne ke fara zuwa da motarsa, kuma wannan shi ne abin da zuciyar marigayin ta kasa ɗauka. Cewa yake ba za a ɗora zufar mutum ta shekara talatin a kan ma'aunin tarkace yana kallo ba. Saboda haka duk shagon da ya rufe, shi ne ke karɓar ragowar kayansa ya jibge a sitonsa, ko da kuwa shi kansa yakan wuni bai ga mai saye ba. Mai Kwaɗo ne na ƙarshe. Ranar da ya miƙa akwatunansa, kowane da ɗigon shuɗin fenti da yake yi wa kayansa alama, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "To, saura kai, mai taurin kai." Marigayin ya faɗa daga baya cewa bai taɓa jin kaɗaici irin na wannan yammaci ba.

Shekarar tsatsa

A daminar 2007 kwanon rufin siton ya huje ta can baya, inda kaya suka tare ido. Ruwa ya yi ta ɗiga makonni ba wanda ya sani, har ranar da marigayin ya shiga neman shebur ya ji ƙafarsa cikin danshi. Da aka janye buhunan sai ga kayan shaguna bakwai sun zama abu ɗaya ja wur: gudumomi da filayoyi da sifanu da kwaɗuna, duk tsatsa ta haɗe su, wasu sai an buga kafin su rabu.

Babba, wanda a lokacin ma'aikaci ne a wani kamfanin sufuri, ya zo ya duba, kuma bai zo shi kaɗai ba. Ya taho da mai sayen tsohon ƙarfe, da wani matashi mai son hayar shagon. Ba rashin ladabi ne ya kawo shi ba, tausayin uban ne, domin ya daɗe yana ganin yadda yake ramewa.

"Baba, don Allah ka huta haka nan," in ji shi. "Ka yi iya yinka. Kayan nan sun mutu, layin ma ya mutu."

"Ka ba ni zuwa ƙarshen damina," in ji uban. "In ban yi komai a kai ba, ni da kaina zan miƙa maka makulli."

A gaskiya ba shi da wata dabara a lokacin da ya faɗi haka, kunya ce kawai ta hana shi sallamawa a gaban baƙi. Bayan sun tafi ya zaro zarton mahaifinsa daga ruɓaɓɓen buhu, ya ga ruwan zarton ya yi ja, mariƙin katakon kuma ya yi baƙin tabo a kewayen sukurori. Ya ce ko ba komai zai wanke mariƙin ya ajiye don tunawa. Da ma yana sayar da hodar wanke katako ga 'yan tsirarun kafintocin da suka rage, sai ya sa safar hannu ta roba, ya jiƙa kaɗan a ƙofar sito inda iska ke kaɗawa, ya shafa. Ruwan hodar ya gangaro kan ƙarfen, shi kuma ya tafi sallamar wani mai neman igiya. Da ya dawo ya goge, sai ya ga inda ruwan ya kwanta tsatsar ta saki, farin ƙarfe ya leƙo. Nan take ya gane abin da ya shekara sittin yana kallo bai lura ba: tabon da mahaifinsa ke cirewa daga katako, ai daga jikin ƙusa yake fitowa, kuma abin da ya cire shi a katako zai cire shi a inda ya samo asali.

Ya ari bahunan roba na wanki daga gida, ya jiƙa kaya buhu guda, ya bar su suka kwana. Washegari ya goge su da buroshi suka fito tas, har yana ganin fuskarsa a jikin wata sifana. Murna ta ɗebe shi, ya aika wa Babba da Mai Kwaɗo da sauran tsofaffin maƙwabta cewa su zo gobe da hantsi su ga abin mamaki. Sannan ya yi abin da duk ɗan kafinta zai yi: ya ɗauraye kayan, ya shanya su a kan tabarmi a bayan shago, ya bar wa rana sauran aikin.

Da jama'a suka taru ya kai su baya yana taƙama, sai ga kayan gaba ɗaya sun sake yin ja, sabuwar tsatsa ta lulluɓe su kamar an barbaɗa musu garin bulo. Danshi da raɓa sun rushe masa aikinsa. Mai Kwaɗo ya leƙa ya ce lallai abin mamaki ne, domin bai taɓa ganin wanda ya wanke tsohuwar tsatsa don ya samu sabuwa ba. Aka yi dariya, ban da Babba, wanda ya sunkuyar da kai, kuma wannan ya fi dariyar yi wa uban ciwo.

Ana cikin haka matarsa ta iso neman bahunanta, domin wanki ya taru a gida. Ta tsuguna ta shafa wata filaya da yatsa, ta ga jan yana bin yatsan nata kamar ƙura.

"Malam, wanka ka yi musu ka bar su haka tsirara?" ta tambaya. "Ba ka goge ba, ba ka shafa musu mai ba?"

"Haka Baba yake yi. A ɗauraye, a sa a rana."

"Baba katako yake wankewa! Ni da nake fama da keke shekara talatin da biyu kana yi mini gorin karin kumallo, ka taɓa ganin na bar masa ɗigon ruwa? Tashi, kawo wancan bahon."

Ta aika aka ɗauko mata buhun ƙyallayen da suka rage daga ɗinki, da kwalbar man kekenta. Aka sake jiƙa kayan, aka ɗauraye su da ruwa mai yawa da sabulu, amma wannan karon duk abin da ya fito daga ruwa hannu ne ke jiransa da ƙyalle, a goge shi ƙaƙas, a shafe shi da mai nan take. Tsofaffin masu shaguna da suka zo kallo suka naɗe hannun riga, Babba ma ya cire agogonsa ya zauna a kan bokiti. Da aka wayi gari kayan suna nan suna ƙyalli. Zarton ne aka wanke a ƙarshe, kuma da ƙyallen ya wuce kusa da mariƙi ɗigo ukun nan suka bayyana, marigayin ya yi kuka a gaban kowa, bai ɓoye ba.

Farfaɗowa

Kafin ƙarshen damina an ceto mafi yawan kayan siton. Babba da kansa ya ba matashin mai neman haya haƙuri, ya kuma kawo masu aiki suka sauya rufin. Labari ya bazu cewa akwai inda ake ta da mataccen ƙarfe, mutane suka soma fito da abin da suka fid da rai da shi: kayan aikin iyayensu, sarƙar keke, almakashin tela, injin niƙa na hannu. Makanikai da magina suka gano cewa tsofaffin sifanun siton sun fi na cikin leda ƙwari, suka dawo layin da ƙafafunsu. Daga 2008 shagon bai sake wuni ba ciniki ba.

Marigayin bai taɓa ɓoye dabarar ba. Duk wanda ya sayi hodar sai ya sha dogon bayani: a baho na roba, a sarari, da safar hannu, nesa da yara, kuma kada a kuskura a bar ƙarfe ya bushe da kansa. Wannan na ƙarshen yakan maimaita shi sau biyu, ya ƙara da cewa umarni ne daga gida. Ya kafa dogon benci a ƙofar shago, tsofaffin maƙwabtansa suka mayar da shi wurin zamansu, Mai Kwaɗo yana buɗe tsofaffin kwaɗuna yana kushe aikin kowa.

Shekarun ƙarshe

A shekarar 2015 dillalin da ke kawo hodar ya sanar cewa ya daina, domin ƙananan shagunan da ke odarta duk sun rufe, babban kantin kuma bai taɓa ajiye ta ba. Gwangwanin ƙarshe ya kusa ƙarewa, hankalin marigayin ya tashi ƙwarai. Sikeli, wadda a lokacin malamar kimiyya ce a makarantar sakandare, ta ɗauki tsohon gwangwanin ta karanta abin da ke jikinsa, ta yi tafiya zuwa wurin masu sayar wa masana'antu sinadarai, ta dawo da buhu guda a bayan mota.

"Baba, hodar ba ta ƙare a duniya ba," ta ce. "Masu tambayarta ne suka ƙare."

Tun daga lokacin takan biyo ta shagon bayan an tashi daga makaranta, amma uban bai taɓa roƙonta ta gaje shi ba, domin ya san nauyin burin da aka taɓa ɗora masa. Abin yana cin sa a rai, kuma iyalinsa sun sani. A cikin jinyarsa ta ƙarshe Babba ya tambaye shi wasiyyarsa game da shagon, ya ce, "Kada kowa ya riƙe shi don ni. In ba mai so, ku rufe. Amma ku shafa wa kayan mai tukuna."

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 2022, yana da shekara saba'in da biyar, bayan gajeruwar rashin lafiya, a gidansa, a gaban matarsa. An yi jana'izarsa a ranar, kuma makanikai da kafintoci da magina sun rufe wuraren aikinsu sun raka shi. Diga da shebur ɗin da aka haƙa kabarinsa da su na cikin kayan da ya ceto daga siton ne, ya bayar da su sadaka ga maƙabartar shekaru da suka wuce. Mai Kwaɗo, wanda aka riƙo saboda tsufa, ya hango ɗigon shuɗin fentinsa a ƙotar shebur ɗin, ya miƙa hannu ya shafa shi da yatsa, maimakon tsokanar da ya saba.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya biyar da jikoki goma sha ɗaya. 'Ya'yan su ne: Babba, jami'i a kamfanin sufuri, wanda zarton kakansa ke rataye a falonsa, da mai bi masa, ma'aikaciyar jinya, da na uku, direban babbar mota, da ta huɗu, wadda ta gaji keken ɗinki, sai Sikeli, wadda bayan an share makoki ta ajiye aikin koyarwa, ta karɓi makulli daga hannun yayanta ta buɗe shagon. Mutumin farko da ya shigo mata cewa ya yi a ba shi sabon kan famfo, nasa ya lalace. 'Yan benci suka juyo suna saurare. Ta dube shi ta miƙa hannu ta saman sikelin, ta ce, "Kawo in gani."